Wanda Bai San Hanyar Faru Ba Ya Daina Zaɓa Mana Taya

Mutum uku ne ke zaɓar tayar da ake ɗaura wa a-kori-kura a ƙasar Maradun da Bakura da Talata Mafara, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ke kwana a daji idan ta fashe. Akwai mai mota, wanda burinsa a hango Hilux ɗinsa daga nesa a ce wane ya iso. Akwai mai shago, wanda damuwarsa ya rabu da abin da ya daɗe a jibge. Sai ɗan kwangila ko jami'in da aka damƙa wa kuɗin sayen taya, wanda idonsa ke kan abin da zai saura a aljihu. Direban da zai bi ta Rini da Gora da Janbako ya nufi Faru da lodi ba a tambayarsa. Haka yaron motarsa. Haka matar da aka shimfiɗa wa tabarma a baya tana naƙuda, ana neman asibitin Mafara da ita cikin dare. Su ne ke biyan kuɗin wautar wasu, wata rana da aljihu, wata rana da rai. Abin ya ishe ni, kuma yau sai na faɗa.

Abin takaicin shi ne babu wani sirri a maganar. Buɗe ƙofar direba ka dubi ginshiƙin da take rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda da kamfanin ya manna, ɗauke da girman tayar da aka ƙera motar da ita da yawan iskar da za a ba ta, in babu kaya da in an yi lodi. A jikin tayar ma rubutun na nan ɓaro-ɓaro. Ɗauki 265/65R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita. Lambar farko faɗin tayar ce, milimita 265. Ta biyu tsayin gefenta ne daga bakin rim zuwa ƙasa, kashi 65 cikin ɗari na wancan faɗi. Ta ƙarshe girman rim ne, inci 17. In ka haɗa lissafin, tsayin tayar gaba ɗaya milimita 776 ne. Hilux ta aiki, mai rim ɗin ƙarfe, da yawanta 205R16C ake ɗaura mata, siririya mai kaurin jiki. A kan tsayin tayar asali injiniyoyi suka auna giya, suka auna birki, suka auna maleji, suka auna ramin da tayar ke juyawa a ciki. Sai wani da bai taɓa riƙe sifana ba ya zo ya ce shi motarsa ba ta yi masa kwarjini ba, a cire a sa manya.

To, bari mu ga abin da manyan suka saya masa. A ce ya cire 265/65R17 ya ɗaura 285/70R17. Tsayin sabuwar milimita 831 ne, wato ƙarin 55. Amma rabin wannan ƙari ne kaɗai ke ɗaga cikin motar daga ƙasa, domin ɗaya rabin yana sama ne, cikin ramin taya. Duk kuɗin da ya kashe, abin da ya samu bai kai santimita uku ba. Abin da ya rasa fa? Tayar ta fi ta asali girma da kashi bakwai cikin ɗari, saboda haka ƙarfin jan da ke isa ƙasa ya ragu da kusan haka a kowace giya. Inda a da motar ke haura gangaren rafi da giya ta biyu, yanzu sai an koma ta ɗaya ana murza kuloci har ya yi ƙauri. Birkin da aka yi don ƙaramar taya shi zai tsayar da babba mai nauyi, don haka tazarar tsayawa ta ƙaru. Maleji na nuna 100 alhali motar na gudun 107, kuma lissafin tafiyar da ake dogara da shi wajen canza baƙin mai ya koma ƙarya. Boris da sauran gaɓoɓin ƙafa suna mutuwa kafin lokacinsu. In aka karya sitiyari da lodi, tayar na gogar jikin mota tana cin kanta. Motar ta ƙara tsawo, saboda haka ta fi saurin kifewa a kwana. Ga shan mai, a zamanin da tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafi, kowace lita sai an yi gumi. Kamar ka sa wa yaro takalmin babansa ne ka ce ya yi tsere da sa'o'insa.

Akwai kuma waɗanda cutar tasu ta fi wannan, masu rim mai walƙiya. Su ba tsayi suke nema ba, ƙyalli suke so. Sai a cire rim mai inci 17 a sa mai inci 20, a ɗaura masa 265/50R20. Tsayin duka ɗaya ne kusan, amma gefen tayar ya sauko daga milimita 172 zuwa 132. An yanke santimita huɗu na roba da iska, waɗanda su ne ke shanye duka idan mota ta faɗa rami. A titunan Maitama ba laifi. A hanyar burji mai tsakuwa da kututture, rami ɗaya ya isa ya matse gefen tayar tsakanin rim da dutse, ta yi ƙulli ko ta tsage, rim ɗin kansa ya lanƙwashe ko ya fashe. Rim ɗin ƙarfe in ya lanƙwashe, maƙeri na buge shi da guduma ka isa gida. Na alminiyam in ya tsage, sai dai ka zauna ka rafka tagumi. Sa'annan ka tashi ka nemi irin wannan taya a bakin tashar Maradun ko ta Bakura da yammacin Juma'a, ka dawo ka ba ni labari. Tayar da sai an aika Gusau ko Sakkwato ko Kano kafin a samu madadinta ba tayar Faru ba ce, ko da zinariya aka yi ta.

Masu son faɗi suna da hujjar da suke maimaitawa, wai taya mai faɗi ba ta kafewa. Wa ya gaya musu? Ƙasarmu iri biyu take kama mota. Akwai laka, musamman a filayen da ke shan ruwan dam ɗin Bakalori, wanda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato. Can ko da rani hanyoyin gona ba sa rabuwa da caɓi, domin ruwan noman shinkafa da rake da dankali na malala daga magudanai. A irin taɓon da ke da ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, siririyar taya mai tsayi ce ke yanka ta nutsa ta kama taurin. Mai faɗi sai ta hau saman taɓon tana sulɓi, zanenta ya cika da laka, tana juyawa a wuri ɗaya tana watsa wa masu turi. Ɗaya ƙasar kuwa yashi ne, a bakin gulbi da cikin rafukan da suka ƙafe. Maganin yashi rage iska ne, domin tafin tayar ya ƙara tsawo a ƙasa, nauyin ya bazu. Direbobin da ke ratsa Sahara daga Agadas zuwa Dirku da haka suke rayuwa, in sun fito wuri mai tauri su mayar da iskar. Wannan dabara kuwa sai da taya mai dogon gefe. Mai rim ɗin ƙyalli in ya rage iska, rim ɗinsa ne zai taka ƙasa.

Ba yau aka fara shiga daji da mota ba. Iyayenmu sun kwashe auduga da gyaɗa da hatsi daga ƙauyukan nan da a-kori-kurar Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, ba su da giyar ƙafa huɗu, tayoyinsu kuma sirara ne. Land Cruiser ta aiki, wadda ƙungiyoyin agaji da Majalisar Ɗinkin Duniya ke shiga da ita lungunan Chadi da Sudan da Kwango, shekara da shekaru 7.50R16 ake ɗaura mata, doguwa siririya a kan rim ɗin ƙarfe. Waɗannan mutane ba kuɗin manyan taya suka rasa ba. Sun zaɓi wadda ke ɗaukar kaya, wadda ƙaya ba ta huda ta da sauƙi, wadda kowane mai faci zai iya kwancewa, wadda kuma ake samun 'yar'uwarta a kowace kasuwa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai maganar da ta fi kashe mutane, wadda kusan babu mai dubawa: nauyi. Bayan lambobin girma akwai wata lamba da harafi, misali 110/108S. Wannan 110 na nufin taya ɗaya na iya ɗaukar kilo 1,060. In ka ga 112, kilo 1,120 ke nan. In ka ga 100, kilo 800 ne kacal. Harafin C ko LT a jikin taya na nuna an yi ta ne don motar kaya, jikinta ya fi kauri, ta fi jure iska mai yawa. Taya biyu na iya zama girmansu ɗaya, su hau rim ɗaya, amma ɗaya ta motar kaya ce, ɗaya ta motar zuwa ofis. Hilux kuwa abin da aka yi ta ta ɗauka tan ɗaya ne ko kusa da haka, wato buhu goma na kilo ɗari, har da mutanen da ke ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Mafara ranar Talata ya ga yadda ake ninka wannan, a ɗora fasinja a kan buhunan, a ɗaura akuya a gefe. Yawancin nauyin kuma a kan tayoyin baya biyu yake sauka. Ka haɗa lodin da ya wuce kima da ƙarancin iska da zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 kwalta na tiriri. Gefen tayar na lanƙwashewa yana miƙewa sau ɗaruruwa a minti ɗaya, zafi na taruwa a ciki har robar ta saki wayoyin da ke riƙe da ita. Daga nan sai ƙara, sai salati.

Mai shago ya san duk wannan, ko kuma wajibi ne ya sani. Amma me yake cewa? "Alhaji, wagga ta hi ƙarhi, za ta hau." Hawa ai za ta hau. Haka ake sayar wa mutum taya uku iri ɗaya, ta huɗu daban, safaya kuma wata dabam, a ce ai bambancin kaɗan ne. Hilux in aka sa mata giyar ƙafa huɗu, gaba da baya a kulle suke, dole su juya daidai. In tsayin tayoyin ya bambanta, ƙarafan cikin ne ke murɗe juna har wani haƙori ya karye. In kuma a aksul ɗaya aka haɗa doguwa da gajera, motar na ja gefe, birki na kamawa a karkace. Kuɗin da aka yi wayon ragewa a shagon taya, ninkinsa ake zubewa a garejin bakanike.

Uwa-uba kuma 'yan Baljiyam. Tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su Nijeriya, amma ga su nan tsibi-tsibi a kowace kasuwar kayan mota. Wasu an yi su ne don ƙasashen dusar ƙanƙara, za ka ga hoton dutse mai kai uku a gefensu. Robarsu mai laushi ce don sanyi, mu kuma mu ɗaura su mu bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato da tsakar rana. Wasu zanensu ya cinye, an sake tsaga musu sabo da ƙarfe mai zafi, an shafe su da baƙi suna sheƙi. Ko sababbin ma, hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama waɗanda aka cusa wata cikin wata a kwantena don a rage kuɗin dako, wayoyinsu sun karye tun ba su taka ƙasa ba. Ranar haihuwar kowace taya na rubuce a gefenta, lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ta daɗe tana shelar cewa taya na tsufa bayan shekara huɗu da ƙera ta. Mutum nawa ne a tashar Mafara aka taɓa zaunar da su aka nuna musu inda lambar take? An fi ƙwarewa a tare hanya.

Yadda muka koma juji ma ba ɓoyayye ba ne. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008, saboda rashin wuta da tsadar aiki da kwararowar ta waje. Ƙasar da ke da gonakin roba a Edo da Delta da Kuros Riba ta koma jiran abin da jirgin ruwa ya sauke. Da Naira ta faɗi daga 2023, farashin sabuwar taya ya tsere wa mai mota ɗaya. Na san wannan, kuma ba talakan da ke lallaɓa tsohuwar motarsa don ciyar da iyali nake wa faɗa ba. Amma talauci hujja ce ta tsayawa a kan girman asali, domin shi ya fi araha, shi ya fi samuwa, shi ya fi rage shan mai. Wanda ya iya sayen manyan taya da rim mai ƙyalli kuma ba talaka ba ne, kada ya ɓuya a bayan talaka.

Fushina mafi zafi na ajiye wa masu kuɗin jama'a. Waɗannan ƙananan hukumomi uku ba su rasa manya ba. Bakura ta ba da gwamna, Ahmad Sani Yarima, daga 1999 zuwa 2007. Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan cikin 24. Gwamnati bayan gwamnati, a Gusau da Abuja, an yi bikin raba motocin sintiri, a jera su reras, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. A Janairun 2024 aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara, su ma da nasu motocin. Madalla. Amma motar sintiri ba ranar biki take aiki ba. Wadda ke shiga daji kullum tana cinye taya cikin 'yan watanni, kuma ranar da tayar farko ta ƙare ake gane ko da gaske ake. Babu mai kiran 'yan jarida don an sayi taya, shi ya sa nan ne ake yin ciki da kuɗi, ko a manta da shi gaba ɗaya a kasafi. Sai ka ga motar tsaro da taya kala uku, babu safaya, ko an ɗora ta a kan duwatsu a bayan ofis, injinta lafiya lau. Ɗan bindiga kuwa a kan babur yake, yana ratsa inda ya ga dama. A yankin da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka shiga kwalejin noma ta Bakura a Agusta, aka kwashe ɗaliban makarantar Kaya a Satumban shekarar, motar da ta tsaya canza taya a tsakiyar daji ba jinkiri kawai ta yi ba. A wancan Satumba har layukan waya aka rufe a jihar. Wanda tayarsa ta fashe a lokacin, wa zai kira? Jami'in da ya sa hannu aka sayo ruɓaɓɓiyar taya aka ɗaura wa motar 'yan sanda ko motar asibiti, da hannunsa a cikin duk abin da ya biyo baya.

Kada kuma manya su ɗauka abin na talakawa ne. Ranar 6 ga Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, kuma binciken FRSC ya nuna tayar baya ce ta fashe motar na cikin gudu. An yi hayaniya, an yi gangamin duba taya na ɗan lokaci, daga baya kowa ya koma barci. A Amurka kuwa, da tayoyin Firestone suka riƙa ɓarewa a motocin Ford Explorer, musamman a jihohi masu zafi, abin da a ƙarshe ya ci rayukan mutum sama da ɗari biyu, an janye taya miliyan 6.5 daga kasuwa a Agustan 2000, majalisa ta kira shugabannin kamfanonin suka sha tambaya, aka yi sabuwar doka. Mu a nan sai a ce ƙaddara ce, a yi jana'iza, mai shago ya zo gaisuwa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana tawakkali shi ya koya mana a ɗaure raƙumi tukuna. Wanda ya ɗora tan biyu a kan tayar da ta shekara tara bai yi tawakkali ba, ganganci ya yi da rayukan bayin Allah.

In wani ya ce ramukan da manyan motoci suka haƙa a hanyarsa na kama cikin motarsa, dole sai ya ɗan ƙara tsayi, ban ce ƙarya yake ba. Ya ƙara mataki ɗaya, daga 265/65R17 zuwa 265/70R17, ƙarin da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, ya tabbatar ba ta guga, ya canza duka biyar har da safaya, ya kuma san malejinsa ya ɗan rage gaskiya. Wajen zane ma ya yi hankali. Mai manyan haƙora ta taɓo zalla tana ƙugi a kwalta, tana saurin cinyewa, ba ta riƙe jiƙaƙƙen titi da kyau. Motar da rabin tafiyarta kwalta rabi burji, mai matsakaicin zane, wadda aka rubuta wa A/T, ita ce daidai da ita. Abin da ya wuce wannan neman suna ne.

Ga abin da nake nema, kuma babu mai tsada a ciki. Duk motar da gwamnati za ta raba, a rubuta a takardar kwangila girman tayarta da lambar nauyinta da shekarar ƙera ta, a haɗa da kuɗin canji na shekara, a kuma liƙa takardar inda jama'a za su gani. Kansiloli da sarakuna su riƙa zagaya motocin tsaro da na asibitin yankinsu suna duban ƙafafunsu. FRSC da SON su bar bakin titi su shiga shaguna, domin a can cutar take. Ƙungiyar direbobi ta tara 'ya'yanta da masu faci a tashoshin Mafara da Bakura da Maradun, a koya wa kowa karanta lamba huɗu da lambar nauyi, aikin da bai fi zaman hantsi ɗaya ba. Kowane mai faci ya mallaki ma'aunin iska na gaskiya, a daina buga taya da ƙafa ana cewa ta yi.

Kai kuma direba, ɗan'uwana, kai ne a gaba in abin ya faru. Kafin ka karɓi makulli, zagaya motar ka tsuguna ka karanta tayoyin nan biyar. In girmansu ya saɓa, in shekarunsu sun wuce, in ba na ɗaukar kaya ba ne, ka mayar wa maigida makullinsa cikin ladabi, ƙungiya kuma ta tsaya maka kada a kore ka a ɗauko wani. Ranar da direbobin tashar Mafara suka fara mayar da makulli, a ranar masu mota za su koyi karatun lamba.